Taron 'Yan Ba-ruwanmu

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zai iya kwashe ranar Talatar nan da muka kira taron 'yan ba-ruwanmu. Tunda kun matsa sai na ba ku labarin, to ku gyara zama. Ku da kuka gaje mu a ofishin harkokin ɗalibai, wata rana irin wannan aiki zai faɗo a kanku, kuma wallahi ba a koyar da shi a kowane aji.

Lokacin ina mataimakin jami'in harkokin ɗalibai a kwalejinmu ta horar da malamai a nan Gumel. Ga wanda bai sani ba, aikin mataimaki shi ne duk abin da babba ya hango zai ɓata masa riga. Rabon ɗakunan kwana ni ne, rigimar famfo ni ne, ɗalibi ya kwanta rashin lafiya ni ne. Shekarar ana gab da babban zaɓe, bazara ta kankama, kuma ana ta sanarwa a rediyo cewa an kusa rufe rajistar masu jefa ƙuri'a.

Wata rana na leƙa wani aji don wata sanarwa, sai kawai na ce wanda yake da katin zaɓe ya ɗaga hannu. Hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannuna biyu ba, a ajin da ya cika maƙil. Na shiga na gaba, haka. Abin ya tsaya mini a rai. Waɗannan fa 'ya'yanmu ne daga Gagarawa, da Maigatari, da ƙauyukan Sule Tankarkar, gobe su ne za su tsaya gaban allo. Malamin da bai taɓa dangwala yatsa ba, me zai gaya wa yara game da ƙasarsu? In ka tambaye su dalili, wani ya ce layin ofishin zaɓe ya yi tsawo ga lacca, wani ya ɗaga kafaɗa ya wuce.

Sai na nufi ofishin Furobos, wato shugaban kwaleji. Dattijon kirki ne, amma yana tsoron siyasa kamar yadda mai rumbu yake tsoron wuta.

Ya ce, "Hashimu, siyasa kake so ka jawo mini cikin makaranta?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba siyasa ba ce, kati ne kawai. Ba za mu ce wa kowa ga wanda zai zaɓa ba."

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau, sannan ya ce, "Je ka yi. Amma kai ka ɗauko, kai za ka sauke."

Daga nan sai wajen jami'ar zaɓe ta ƙaramar hukuma, Hajiya Rabi. Mace ce mai kaifi ɗaya, ba ta maimaita magana. Na roƙe ta ta kawo mana na'urar rajista cikin kwaleji, ko da yini ɗaya ne. Yadda abin yake, wanda ya kai shekara goma sha takwas zai zauna gaban na'ura, ta ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a ba shi 'yar takardar shaida, daga baya ya dawo ya karɓi kati. Wanda bai zauna gaban na'urar nan ba kafin a rufe, to shi da ƙuri'a sai wani zagayen, bayan ya gama makaranta ya kama gabansa.

Hajiya ta ce, "Malam, na'urorina kaɗan ne, kuma ga mutanen ƙauye suna yini a ƙofar ofishina. Zan ba ka guda, ranar Talata. In na ga alamar wata jam'iyya, ko da a jikin hular mai gadi ce, zan naɗe kayana. In kuma hantsi ya dubi ludayi ban ga layi ba, zan naɗe kayana. Ba kuma zan dawo ba."

Na ce na ji na yarda. Na fito ina ta murna kamar an yi mini bushara da kujerar Makka.

Muka kafa kwamiti, ni da Malam Tijjani na sashen Hausa da wasu malamai. Nan muka gane cewa tsayawa tsakiya a ƙasar nan ya fi hawan rimi wuya. Duk abin da ka taɓa, sai ka tarar wata jam'iyya ta riga ka. Muka ce a kafa lema a bakin zauren taro saboda rana, aka ce a'a, lema tana da masu ita. Muka ce a share wuri, aka ce to amma a kulle tsintsiya a sito kafin Hajiya ta iso. Wani malami da ba ya rabuwa da jar hula muka lallaɓa shi ya ari zanna-bukar don ranar. Hatta zakaran mai gadi, da yake yawo a harabar, sai da aka kife shi da kwando a bayan gida, don an ce shi ma yana kan takardar ƙuri'a. Kwandon ma sai da wani ya yi gardama a kansa! Kalar ƙyallen da za a rubuta sanarwa kuwa, mun kusa dambe kafin mu tsaya a kan fari.

Ranar ma sai da muka auna. Alhamis ba ta yiwuwa, don rabin samarinmu suna sulalewa kasuwar Maigatari neman na sabulu. Juma'a gajera ce. Talatar da Hajiya ta bayar ta yi mana daidai.

Saura suna. Furobos ya ce kada ya ga kalmar zaɓe ko siyasa a jikin bangonsa, mu ma mun san da ɗalibai sun gan ta za su tsere. Wani ya kawo wata kalmar Turanci, Malam Tijjani ya daka tsalle.

Ya ce, "Haba jama'a! Hausa ta rasa kalma ne? Ba ku jin rediyo? Ƙasashen da ba sa bayan Gabas, ba sa bayan Yamma, me ake ce musu? 'Yan ba-ruwanmu! Mu ma ba ma bayan kowa. Ga suna a hannu, me za mu je nema a gidan wani?"

Muka tafa masa, ni ne ma na fi kowa. Aka rubuta da manyan baƙaƙe a farin ƙyalle: BABBAN TARON 'YAN BA-RUWANMU, RANAR TALATA, KOWA YA ZO. Aka rataya a ƙofar shiga.

Kai, ban taɓa ganin sanarwar da ta karɓu irin wannan ba. Duk inda na gilma sai in ji ana, "Malam, muna nan zuwa!" Wasu har da jinjina. Na riƙa cewa a raina, ashe yaran nan jira suke a kira su. Na je gida na gaya wa uwargida cewa mijinta fa ashe gwani ne ba a sani ba.

Ranar Talata tun da sassafe aka yi shara aka ɓoye tsintsiya. Hajiya Rabi ta iso da ma'aikatanta biyu, suka kafa na'ura a wani ɗan ɗaki da ke jikin zauren, aka tayar da janareto. Ta zaga ta duba bango, ta duba hulunan mutane, ba ta ce komai ba, wanda a wajenta yabo ne. Zaure kuwa ya cika ya batse. Maza a dama, mata a hagu, wasu a kan taga, wasu a tsaye a waje cikin rana. Zuciyata fal da murna, har ina jin kamar in yi rawa.

Na kama lasifika na yi sallama. Ban ƙarasa godiya ba sai wani ɗalibi ya miƙe daga layin gaba. Nuhu ne, ɗan shekarar ƙarshe, mutumin Maigatari, wanda abokansa suke kira Sarkin Gardama. Dogo ne, murya kamar ganga, kuma in ya fara magana har malamai suna tsayawa su ji. Ya ce yana neman izini ya yi godiya a madadin ɗalibai. Na miƙa masa lasifika da hannu biyu.

Ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri. Tunda aka fara hayaniyar zaɓen nan ake damunmu, wannan ya ce yi kati, wancan ya ce yi kati. Yau ga shi hukumar makaranta da kanta ta gane gaskiya, ta tara mu, mu da ba ruwanmu da zaɓe, ba ruwanmu da kati, ba ruwanmu da ƙuri'a. Jama'a, ruwanmu?"

Zauren ya amsa da murya ɗaya, "Ba ruwanmu!"

Innalillahi! Sai a lokacin kaina ya waye. Mu muna nufin ba ma bayan kowa, su kuwa sun karanta kalmar yadda uwarsu ta koya musu ita. Mun yi shela da bakinmu, mun tara duk wani mai ƙin zaɓe da ke kwalejin a ɗaki guda, ga jami'ar zaɓe a zaune tana kallo.

Malam Tijjani ya yi wuf ya karɓi lasifika, ya shiga bayanin Gabas da Yamma da abin da rediyo take nufi. Wa zai saurare shi? Da ɗalibai suka ji kalmar rajista, suka kuma hango na'ura ta ƙofar ɗan ɗakin, sai wuri ya kaure. "An yaudare mu!" "Ashe tarko ne!" Na baya suka fara zamewa. Na waiga, sai na ga Hajiya ta dubi agogo, ta yi wa ma'aikacinta nuni da haɓa. Ya tashi ya fara naɗe waya.

Shi kuwa Nuhu abin ya yi masa daɗi, bai so taron ya watse ba. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ku dakata! Tunda dai mun taru, ƙungiya ta kafu ke nan. Ni ne kuma shugaban 'yan ba-ruwanmu daga yau." Aka fashe da dariya, masu fita suka tsaya su ga ƙarshen wasan.

Har gobe ban san daga inda dabarar ta zo mini ba, Allah ne dai ya so ya rufa mini asiri. Na fizge lasifika na ɗaure fuska, na yi muryar da nake yi in zan karanta dokar makaranta.

Na ce, "Madalla. Ofishin harkokin ɗalibai ya ji, ya kuma amince. Daga yau Nuhu ne zai riƙa magana da yawunku. Rabon ɗakunan kwana, da lokacin sakin ruwa a famfo, da duk abin da ya shafe ku, shi za mu riƙa tambaya. Abin da ya ce shi ke nan. Shugaba, bismilla, me ka yanke?"

Ku sani fa, ba ni da ikon ba wa kowa ko da tsinke. Da Furobos yana wurin, da a ranar zan koma gona. Amma Nuhu bai tsaya tambaya ba. Ya gyara wuyan riga, ya yi gyaran murya, ya shiga zuba doka. Ya ce ranar Alhamis an soke lacca, kowa ya je kasuwa. Samari suka yi shewa. Ya ce ɗakunan da ke kusa da bishiyoyi, masu sanyi, na 'yan shekarar ƙarshe ne. 'Yan shekarar farko suka fara gunaguni. Sannan giyar mulki ta ɗebe shi, ya ce ruwan famfo kuwa, sai ɓangaren maza sun gama ɗiba kafin a sakar wa mata.

Ai kuwa kamar an taɓa gidan rina. Ku tuna bazara ce, ruwa sau ɗaya ake saki, kuma matan nan su suka san abin da suke sha a layin bokiti. Wata ɗaliba ta miƙe daga can tsakiya. Sa'ade ce, 'yar wajen Ɗanzomo, 'yar siririya, wadda ban taɓa jin muryarta ba sai a gaisuwa.

Ta ce, "Malam, wa ya zaɓe shi?"

Na ce, "Ba wanda ya zaɓe shi. Ya tashi ya ɗauka, ba wanda ya hana."

"To ba mu yarda ba!"

Na ce, "Ikon Allah. Ke kuma ina ruwanki? Ba yanzu na ji ki da kunnena kina cewa ba ruwanki ba?"

Zauren gaba ɗaya ya juya yana kallonta. Na ga idonta ya kaɗa. Sai ta buga ƙafa ta ce, "Da ruwana! Wallahi da ruwana! Ni zan sha ƙishirwar, a ce ba ruwana?"

Mata suka ɗauka gaba ɗaya, "Da ruwanmu!" 'Yan shekarar farko suka bi. Kafin ka ce kwabo har abokan Nuhu sun shiga, don su dai a yi hayaniya da su. Aka fara kiran a sake lale, a yi zaɓe yanzu-yanzu, a ga wanda jama'a suke so. Zaɓe fa! Kalmar da muka yi ta ɓoyewa kamar abin kunya, ga ta tana fitowa daga bakinsu ba wanda ya roƙe su.

Na ce, "To, za a yi, bayan la'asar, a nan. Amma a zauren nan ba mai ɗaga hannu sai wanda ya nuna mini katinsa ko takardar shaidar rajista. Haka ake yi a ko'ina. Ga na'ura can, in Hajiya ba ta riga ta tafi ba."

Duk aka juya ana kallonta. Tana tsaye, jaka a kafaɗa, an riga an rufe akwatin na'ura. Ta tako har inda nake, ta yi ƙasa da murya.

"Malam Hashimu, jam'iyya ka kafa mini a nan?"

Na ce, "Hajiya, wallahi ko tuta ba mu da ita."

Ta dubi Sa'ade, wadda ta riga ta isa ƙofar ɗan ɗakin ta tsaya ƙyam, mata na jeruwa a bayanta. Sai Hajiya ta ajiye jaka, ta ce wa ma'aikatanta, "Ku buɗe."

Ranar na ga layi! Ya fita daga zaure, ya bi ta gaban ofishinmu, ya lanƙwasa har gindin darbejiya. Ga rana tana dukan mutane, ga ba halin kafa lema, sai kwali da littafi ake karewa da su. Malam Tijjani da ɗazu ya rasa inda zai sa kansa, sai ga shi yana zagawa da butar ruwa yana gaya wa kowa cewa dama ya san kalmar za ta yi aiki. Na ƙyale shi. Masu sayar da ruwan sanyi na bakin ƙofa sun yi ciniki har sun gode Allah. Hajiya ko tashi cin abinci ba ta yi ba, salla kawai ta tayar da ita.

Ana cikin haka masinja ya ce Furobos yana nemana. Labari ya riga ni isa. Ya ce, "Hashimu, wa ya ba ka izinin naɗa wa ɗalibai shugaba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, su ma abin da suka tambaye ni ke nan."

Ya so ya ɗaure fuska, dariya ta ci ƙarfinsa. Ya leƙa taga ya ga layin, ya ce in ɓace masa da gani.

Nuhu ne ya zo ƙarshe. Ya yini yana zagaye yana cewa shi ba zai yi ba, sai da ya ga da gaske ba takarda ba takara, har kansa ba zai iya zaɓa ba, sannan ya biyo wutsiyar layi yana basarwa. Lokacin la'asar ta yi, Hajiya ta ce daga shi an rufe. Ya zauna, aka ɗauki hoto lafiya. Ya ɗora yatsa, na'ura ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ashe igiyar shanun da yake ja a kasuwa tun yana yaro ta cinye zanen yatsunsa, sun yi sumul.

Ya yi dariya ya ce, "Kun gani ko? Ita ma ta san ba ruwana." Amma bai tashi ba. Aka ce ya wanke hannu, ya wanke. Aka ce ya goga yatsan a goshi ya samu ɗan maiƙo, ya goga. Ta ƙi. Dariyar ta ɗauke. Ma'aikacin ya dubi Hajiya, ita kuma ta dubi agogo. Sai na ji Sarkin Gardama, da muryar da ban san yana da ita ba, yana cewa, "Hajiya, don Allah a ƙara gwadawa. Don girman Allah kada a rufe."

Hajiya ta matso da kanta, ta ce ya sassauta hannun, ya daina dannawa kamar mai kashe kunama. Ya ɗora a hankali. Na'ura ta yi 'yar ƙara ta karɓa. Waɗanda suka rage a wurin suka sa ihu kamar an ci ƙwallo, ni kaina ban san lokacin da na yi kabbara ba.

Da muka fito yana riƙe da takardarsa, na ce, "Kai da ba ruwanka, me ya kai ka roƙo?"

Ya dubi takardar da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Malam, tunda nake ba wanda ya taɓa tambayata me nake so. A gida a yanke, a makaranta a yanke, a gari a yanke. In ka yi magana a ce ina ruwanka. Shi ya sa nake riga kowa faɗa. Gara in ce ba ruwana da bakina, da a gaya mini."

Na dafa kafaɗarsa muka shiga zaure.

Aka yi zaɓen wakilin ɗalibai da ɗaga hannu, kowa da takardarsa a ɗaya hannun, Sa'ade ta tsaya takara da Nuhu, ta kayar da shi warwas. Nuhu ya ce bai yarda ba, a sake ƙirga. Aka sake, ya ƙara faɗuwa, ya je ya taya ta murna yana cewa ta jira shi zagaye na gaba.

To, abin da na koya ke nan, ku riƙe shi. A wannan aiki ba naku ba ne ku gaya wa ɗalibi wanda zai zaɓa, ko da wasa, ko da kalar hula. Kuma kada ku ɓata baki kuna yi masa wa'azin kishin ƙasa, ya ji ya gaji. In yaro ya ɗaga kafaɗa ya ce muku ba ruwansa, kada ku yi fushi, kada kuma ku yarda. Yawanci ƙofa aka daɗe ana rufe masa, har ya koyi wucewa ba ya waiwaye. Ku buɗe ta, ku tambaye shi me yake so, sannan ku yi shiru ku ji amsar.